Yadda kalmar current ta zama wuta, ta zama ruwa, ta kuma zama "yanzu"

Tambaya: Malam, barka da aiki. Kalmar Turancin nan current tana rikita ni. A darasin kimiyya an ce mana wutar lantarki ce. A banki na ga current account, a jarida current affairs, a fom ɗin neman aiki current address, a littafin labarin ƙasa kuma ocean current. Shin kalma ɗaya ce, ko kalmomi ne daban-daban da rubutunsu ya zo ɗaya? Yaya zan gane wadda ake nufi idan na gamu da ita?

Amsa: Ɗan'uwa, barka kadai. Kalma ɗaya ce, kuma duk ma'anonin da ka lissafa uwa ɗaya ta haife su. Gaskiya ne Turanci yana da kalmomin da rubutu kaɗai ya haɗa, irin su bat na jemage da bat na sandar buga ƙwallo, waɗanda babu dangin iya babu na baba tsakaninsu. Current ba ta cikin wannan sahu. Idan ka riƙe tushenta, ba sai ka haddace dogon jerin da ƙamus zai zuba maka ba.

Tushen shi ne gudu. A Latin ana cewa currere, wato yin gudu. Daga nan tsohon Faransanci ya samu corant, mai gudu, Turanci kuma ya ara wajen shekarar 1300, zamanin da Faransanci ne harshen fada da na shari'a a Ingila tun bayan da Normandawa suka ci ƙasar a 1066. Da farko ma'anarta ba ta wuce abin da ke gudu ko malala ba, kamar ruwan rafi. Sannu a hankali aka ɗora ta kan kuɗin da ke zagawa hannu zuwa hannu, da maganar da ke yawo baki zuwa baki, da lokacin da ke tafiya. Lantarki shi ne auta. Sai a tsakiyar ƙarni na 18 ya shigo, lokacin da masu bincike ke ɗaukar sa a matsayin wani ruwa marar ganuwa mai bin ƙarfe.

Mu da Hausa bai kamata wannan ya ba mu wahala ba, domin hanyar da muka bi ke nan. Daga gudu muka samu gudana. Ruwa yana gudana, jini yana gudana, taro ma yana gudana, mai karanta labarai kuma yana kawo mana abubuwan da ke gudana a duniya. Ba wanda ya taɓa zaton taron ya jiƙe.

Abin da zai fi yi maka amfani wajen karatu shi ne lura da mazaunin kalmar a jimla, don aiki biyu take yi. In ta zo gaban wani suna tana siffanta shi, kamar current address, current price, current manager, to sifa ce, kuma ma'anarta na yanzu. In kuwa ita ce sunan da kanta, babu wani suna da ya biyo ta, kamar a strong current ko an electric current, to kwarara ake nufi, ta ruwa ko ta iska ko ta lantarki. Wannan ƙa'ida za ta fisshe ka a mafi yawan wurare. Inda take tuntuɓe shi ne littattafan injiniyoyi, inda current rating ke nufin iyakar wutar da waya ko na'ura za ta iya ɗauka, current transformer kuma wani nau'in taransifoma ne na awo. A can suna ne ya jingina da suna, sai ka duba irin littafin da ke hannunka. Aikatau dai ba ta zama. Babu to current a Turancin da ake yi.

Bari mu tsaya kan sifar, don da ita za ka fi gamuwa, kuma ita aka fi yi wa gajeriyar fassara. An ce maka "na yanzu", kuma ba a yi ƙarya ba, sai dai da sauran magana. Abin da ake kira current abu ne da ke cin zangonsa. Akwai wanda ya gabace shi, kuma ana sa ran wani zai gaje shi. The current president shi ne shugaba mai ci. The current year ita ce shekarar da muke ciki. The current issue na mujalla shi ne fitowar wannan mako ko wannan wata, wadda za ta koma back issue da zarar sabuwa ta fito. Current fashion kuwa abin da ake yayi ne. Ka ga kowane wuri da Hausar da ta dace da shi: mai ci, da muke ciki, da ake yayi, da ake amfani da shi. Mai fassarar da ya manna "na yanzu" a ko'ina ba za a ce ya yi kuskure ba, amma Hausarsa za ta yi lami.

Wannan ma'ana ta zango ce ta hana a ce my current mother, domin uwa ba a canja ta. Wanda kuma ya gabatar da maiɗakinsa a taro da cewa my current wife, nahawu ba zai kama shi da laifi ba, amma ya jawo wa kansa magana a gida, tunda ya nuna akwai ta baya ko yana hangen ta gaba. Turawa kan faɗi haka da gangan idan suna zolaya.

Kalmar tana da maƙwabta da ɗalibai ke cakuɗa su da ita. Mafi kusa ita ce present, kuma a wurare da yawa ɗaya na iya zama a gurbin ɗaya: the present situation da the current situation duk halin da ake ciki ne. Sai dai present tana da wata ma'ana ta halarta idan ta zo bayan suna. The members present mambobin da suka zo taro ne, alhali the current members waɗanda sunansu ke cikin rajista a yau ne, ko sun zo ko ba su zo ba. Recent kuma abin da ya faru kwanan nan ne, ya riga ya wuce. The recent crisis an fita daga cikinta ana share gumi, the current crisis kuwa ana ciki tsundum. Latest na ƙarshen fitowa ne. Wayarka za ta nuna maka wannan bambanci: current version ita ce manhajar da ke kanta, latest version ita ce wadda kamfani ya saki ta ƙarshe, kuma idan biyun ba su zo ɗaya ba, shi ne za ka ga wayar ta dame ka da saƙon sabuntawa.

Wanda ya fara da Faransanci kafin Turanci yana da nasa tarkon na musamman. A Faransanci actuel na nufin na yanzu, sai ya ɗauka actual ma haka take. Actual a Turanci na nufin na haƙiƙa. The actual price shi ne farashin gaskiya, saɓanin wanda aka yi tsammani ko aka yi talla da shi, the current price kuma farashin yau ne. Haka actually ba ta nufin a halin yanzu, tana nufin a gaskiya. Jamusawa ma suna faɗawa wannan rami saboda kalmarsu aktuell.

Daga na yanzu sai ma'anar ta miƙe zuwa abin da bai daina aiki ba. A current passport fasfo ne da wa'adinsa bai ƙare ba. Idan ofis ya nemi a current driving licence, lasisin da ke aiki suke so, ko da shekaru uku da suka wuce aka ba ka shi. Mai tambayar is this information current yana son sanin ko bayanin bai tsufa ba. Ƙamus kan ce wata kalma no longer current, wato an daina amfani da ita, kamar thou da thee da sai a tsofaffin littattafai da addu'o'i ake ganinsu. Amurkawa suna cewa mutum current on his rent idan ba a bin sa kuɗin haya, suna kuma cewa stay current, wato kada a bar ka a baya a fagen sana'arka. A fom da kwamfuta duk wannan ce: current address inda kake zaune yau, wanda ya bambanta da previous address da permanent address, current password kalmar sirrin da za ka shigar kafin a yarda ka sa sabuwa, current location inda wayarka ta ce kana tsaye.

Akwai wani abu da marubuta ke mantawa, kuma shi ne ya fi ba ni haushi idan ina duba rubutu. Current kalma ce mai ruɓewa. Gaskiyarta tana ɗaure da ranar da aka rubuta ta. Littafin da aka buga a 1995, idan ya ce the current Secretary-General of the United Nations, Boutros Boutros-Ghali yake nufi, wanda ya riƙe muƙamin daga 1992 zuwa 1996. Mai karatun yau da bai duba shekarar bugu ba zai ɗauka wani ne daban. Saboda haka duk rubutun da kake so ya daɗe, ka sa shekara maimakon current. Idan kuma kana ba da labarin abin da ya wuce, Turanci yana da the then, kamar the then president, shugaban wancan lokaci.

Bayanau ɗinta currently ce, a halin yanzu. Ana yawan cusa ta inda ba a buƙata. I am currently working in a bank bai fi I am working in a bank da komai ba, sai dai in kana son nuna cewa aikin na ɗan lokaci ne ko kana neman wani. Duk da haka ta fi presently aminci, domin presently a tsohon salon Ingila tana nufin nan ba da jimawa ba, a Amurka kuma tana nufin yanzu, sai mai karatu ya rasa wadda kake nufi.

Current affairs shi ne abin da gidajen rediyo ke kira al'amuran yau da kullum: siyasa, tattalin arziki, da batutuwan jama'a da ake tattaunawa a wannan lokaci. Ya ɗan bambanta da news, domin news sanarwa ce cewa abu ya faru, current affairs kuwa sharhi ne da bin diddigi. Amurkawa sun fi cewa current events.

Yanzu harkar kuɗi. Current account asusu ne da kuɗi ba sa zama a cikinsa: albashi ya shiga, cak ya fita, kati ya cira, a biya wannan a tura wa wancan. Kishiyarsa savings account ko deposit account, inda ake ajiya. A nan ma'anar gudu ce ke aiki, don haka "asusun yanzu" fassara ce marar kan gado, asusun hada-hadar yau da kullum ya fi. Sunan na Turancin Ingila ne da ƙasashen da suka gaji tsarin bankinta. Ba'amurke checking account zai ce, Bafaranshe kuma compte courant, ka ga tsohuwar kalmar tana nan a gidansu. Masana tattalin arziki suna da nasu current account ɗin, na ƙasa baki ɗaya: lissafin abin da ta sayar wa waje da abin da ta sayo, kaya da ayyuka, haɗe da ribar jari da kuɗin da 'yan ƙasa mazauna waje ke aikowa gida. Idan jarida ta ce current account deficit, abin da ya fita ta wannan hanya ne ya zarce abin da ya shigo.

A wajen akantoci kalmar tana da iyaka ta wata 12. Current assets kadarorin da ake sa ran za su koma kuɗi cikin wannan tsawon lokaci ne: tsabar kuɗi, hajar da ke jiran mai saye, da bashin da kamfani ke bin abokan ciniki. Gini da injuna ba sa ciki. Current liabilities basussukan da dole a biya cikin wannan wa'adi ne. Idan aka raba na farko da na biyu sai a samu current ratio. Kamfani mai kadara irin wannan ta miliyan 30 da bashin miliyan 20 yana da 1.5, kuma idan adadin ya faɗi ƙasa da 1, masu ba shi bashi za su fara ɗaga gira. Haka nan idan ka ga at current prices a rahoton tattalin arziki, an yi lissafin da farashin shekarar ne ba tare da cire hauhawar farashi ba, saɓanin at constant prices. Yawancin bunƙasar da ake yi wa guɗa a lissafi na farko kan ragu sosai a na biyu.

Mu koma ga sunan. A ruwa, current ita ce tafiyar ruwan kansa zuwa wani ɓangare. Ta bambanta da wave, raƙumin ruwa da ke tashi yana faɗuwa a sama, ta kuma bambanta da tide, cikowa da janyewar teku da wata da rana ke jawowa. Kogi na iya kwantawa luf a ido alhali ƙarƙashinsa yana gudu da ƙarfi, shi ya sa ake kafa allon gargaɗi mai cewa strong current. A bakin teku akwai rip current, wani siririn ruwa mai komawa cikin teku da saurin da ya fi ƙarfin gwanin ninkaya. Wanda ta ja, kada ya yi kokawa da ita yana neman gaɓa kai tsaye, ya yi iyo ta gefe, a layi ɗaya da gaɓar, har ya fita daga cikinta.

Ocean currents manyan koguna ne a cikin teku, waɗanda iska, juyawar duniya, da bambancin zafi da gishiri ke tafiyar da su. Mafi shahara shi ne Gulf Stream, mai ɗauko ruwan ɗumi daga mashigin Meziko, ya bi gaɓar gabashin Amurka, sannan ya ratsa Atilantika ta arewa. A mashigin Fulorida kaɗai yana wuce da ruwa kusan kubik mita miliyan 30 a daƙiƙa, abin da ya ninka dukkan kogunan duniya idan an haɗa su sau da yawa. Ɗuminsa yana cikin dalilan da suka sa tashoshin jiragen ruwa na Norwe ba sa daskarewa da hunturu duk da nisansu a arewa. Benguela kuwa mai sanyi ce, tana hawa arewa ta gaɓar Afirka ta Kudu da Namibiya zuwa Angola, ta cika wurin da kifi, ta kuma taimaka wajen bushewar hamadar Namib. Humboldt tana yin irin wannan aiki a gaɓar Cile da Feru. Benjamin Franklin, lokacin yana jami'in gidan waya na yankunan Ingila a Amurka, ya so sanin abin da ya sa jiragen wasiƙu daga Ingila ke ɗaukar kusan mako biyu fiye da na 'yan kasuwa. Ɗan'uwansa Timothy Folger, matuƙin jirgin farautar kifin whale, ya gaya masa cewa jiragen wasiƙun suna tafiya ne gaba da gaba da wannan ruwa, su kuwa 'yan kasuwa suna kauce masa. Tare suka fitar da taswirarsa wajen 1770. Wani abin lura ga ɗalibin labarin ƙasa: iska ana kiranta da inda ta fito, ruwan teku kuwa da inda ya dosa. Iska ma tana da air currents, waɗanda shaho da ungulu ke hawa su yi ta shawagi ba tare da kaɗa fiffike ba.

Sai lantarki, inda aka fi ɓata kalmar. A kimiyya current ba ita ce wutar gaba ɗaya ba. Adadin cajin da ke wuce wani wuri a cikin waya a kowace daƙiƙa ne, kuma ana auna shi da amfiya, wadda ake taƙaitawa da harafin A, don tunawa da masanin Faransa André-Marie Ampère da ya rasu a 1836. Amfiya ɗaya na nufin ƙwayoyin elektiron sama da 6 mai sifili 18 a bayanta suna wucewa a daƙiƙa guda. A lissafi harafin I ake ba ta maimakon C, domin daga Faransancin intensité du courant aka ɗauko shi. Ka ɗauki bututun ruwa daga tanki: ƙarfin da ke turo ruwan shi ne voltage, da ake aunawa da bolt, yawan ruwan da ke wucewa shi ne current, ƙuncin bututun kuma shi ne resistance, wato turjiya. Georg Ohm ya nuna a 1827 cewa idan ka raba turi da turjiya za ka samu kwarara.

Da wannan za ka gane abin da ke faruwa idan ƙwan lantarki ya yi ja, fanka na juyawa da ƙyar, mutane suka ce low current. Injiniya low voltage zai ce, kuma bambancin ba na iyayi ba ne. Injin firji ko na famfon ruwa, idan turi ya ragu, sai ya riƙa jan kwarara fiye da ƙima don ya yi aikin da aka ɗora masa, ya ɗau zafi, wayoyinsa su ƙone. Wato a ranar da ake kukan low current, yawan current ne ke kashe injin. Ban ce ka tsaya gyara wa mutane magana a hanya ba, kowa ya san abin da ake nufi, amma a jarrabawa ko a rahoton aiki ka rubuta daidai. Haka there is no current da ake ji a Turancin Indiya da na Afirka ta Yamma idan an ɗauke wuta, mutumin Landan ko Niyok the power is out ko there is a power cut zai ce.

Lissafin yana da amfani a cikin gida. Idan ka ninka bolt da amfiya za ka samu wat. Butar lantarki mai wat 2000 a kan bolt 230 tana jan amfiya 8.7, shi ya sa fis mai amfiya 13 na fulogin Ingila ke ɗaukarta, amma idan aka jona biyu a kan sokat ɗaya mai irin wannan fis sai kwararar ta zarce iyakarsa. Juya cajar waya ka karanta bayanta, za ka ga wani abu kamar 5V 2A, wato bolt 5 da amfiya 2. Abin da ke illata jikin mutum kuwa kwararar da ta ratsa shi ce, kuma kaɗan ta isa. Ana fara jin ta daga kusan kashi ɗaya cikin dubu na amfiya, wato miliamfiya 1. Daga 10 zuwa 20 hannu na iya ƙin sakin waya, shi ya sa na'urar kariya da ake sa wa gidaje take yanke wuta a miliamfiya 30. Tartsatsin da kan tsikare ka idan ka taɓa ƙarfe a lokacin bushewar iska yana iya kai bolt dubbai, amma cajin ɗan mitsitsi ne kuma nan take yake ƙarewa. Tsuntsu yana zama kan wayar babban layi lafiya lau domin ƙafafunsa biyu suna kan waya ɗaya, babu bambancin turi da zai sa wuta ta ratsa shi.

Harufan AC da DC da kake gani a jikin na'urori, C ɗin current ce. Direct current tana tafiya ɓangare ɗaya, ita batir da farantin sola ke bayarwa. Alternating current tana kai da komo, zagaye 50 a daƙiƙa a Turai da Afirka da mafi yawan Asiya, 60 a Amurka da Kanada. Aikin caja shi ne mayar da ta biyu zuwa ta farko, aikin inbata kuma akasin haka. Thomas Edison ya buɗe tasharsa ta Pearl Street a Niyok a 1882 da DC, amma wutarsa ba ta iya nisa. George Westinghouse, da taimakon ƙirƙire-ƙirƙiren Nikola Tesla, ya rungumi AC, aka yi ta gwabzawa a ƙarshen shekarun 1880 da farkon 1890, rigimar da Turawa ke kira war of the currents. AC ta yi nasara saboda taransifoma. Zafin da waya ke ɓarnatarwa yana ninkuwa huɗu duk lokacin da kwarara ta ninka biyu, don haka dabara ita ce a ɗaga turi sama sosai, a rage kwarara, a kai wuta nesa, sannan a sauke ta kusa da gidaje. A 1896 wutar da aka samar daga magangarar ruwan Nayagara ta isa birnin Buffalo na Amurka ta wannan hanya.

Franklin ɗin nan na taswirar teku shi ne ya raɗa wa caji sunayen positive da negative, kuma daga nan aka saba zana kwarara tana fita daga positive zuwa negative. Da J. J. Thomson ya gano elektiron a 1897, sai ta bayyana cewa a cikin waya ta ɗaya ɓangaren suke tafiya. Ba a sauya zanen ba, sai aka sa masa suna conventional current, ta al'ada, kuma har yau ita ke cikin littafinka. Su elektiron ɗin ma ba wani gudu suke yi ba, a wayar gida ba sa cin milimita ɗaya a daƙiƙa. Turin ne ke isa ƙarshen waya kusan nan take.

Daga ruwa Turanci ya ɗebo salon magana da dama. To swim against the current shi ne saɓa wa abin da jama'a suka tafi a kai. A current of opinion ra'ayi ne da ke ratsa al'umma. Undercurrent abin da ke ƙarƙashi ne wanda ba a furta ba, kamar an undercurrent of anger a taron da kowa ke murmushi amma ciki na ciki. Currency, kuɗin ƙasa, 'yar ɗakinsu ce, abin da ke zagawa ana karɓa, kuma idan aka ce wata jita-jita gained currency, ta samu karɓuwa ne ta bazu, ba a biya kowa ko sisi ba. Zuriyar currere tana da yawa: course hanya ko kwas, courier mai gudu da saƙo, cursor ɗan alamar da ke yawo a fuskar kwamfuta, curriculum manhajar karatu wadda asalinta filin tsere ne, concurrent masu tafiya tare, recurrent mai dawowa, kamar recurrent expenditure a kasafin kuɗi, wato albashi da sauran kashe-kashen da ke maimaituwa kowace shekara.

Wajen rubutu ka kula da r biyu da kuma e kafin nt. Idan ka sa a, ka rubuta currant, wani ɗan ƙaramin busasshen inabi da ya samo sunansa daga birnin Korinti na Girka, wanda ba shi da alaƙa da duk abin da muka faɗa. Furucinsu ɗaya ne, kuma na'urar gyaran rubutu ba za ta ja maka layi ba tunda dukansu kalmomi ne. Nauyin furuci a gaɓar farko yake. Mutanen Ingila suna faɗinta kusa da "karant", wasalin farko irin na cup, Amurkawa da yawa kuma suna ba ta wasalin da ke cikin her.